BIRI YA YI KAMA DA MUTUM: Labarin Laka Da Abin Da Ya Rage Namu

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan wata, tambaya ce da wani dattijo ya yi mana a nan Tinyer, muka kasa ba shi amsa nan take, sai da muka koma muka yi bincike.

Dattijon nan yana da ɗa, saurayi mai ƙarfi a jika, ɗan acaɓa. Ran nan da damina yana dawowa daga wajen Galim da yamma, babur ya zame da shi cikin taɓo, ya faɗi ta wuya. Mutanen kirki suka taru, biyu suka kama hannuwa, biyu suka kama ƙafafu, aka cusa shi cikin mota a zaune, aka yi ta girgiza shi a kan hanya har asibiti. Waɗanda suke wurin sun ce lokacin da aka ɗaga shi yana iya motsa yatsun ƙafa. Kafin a iso, motsin ya ɗauke. Yau wata na bakwai ke nan yana kwance.

Da muka je duba shi, sai uban ya ja mu zaure, ya ce, "Malam, na ji a rediyo wai Turawa sun yanke lakar biri, sun kuma sa ya tashi ya yi tafiya. Gaskiya ne? In gaskiya ne, shanuna huɗu ne suka rage, zan sayar in kai yaron nan."

Muka ce, "Baffa, ka dakata da sayar da shanu tukuna. Ka ba mu lokaci."

To, ga abin da muka samo. Mun rubuta shi ne don Baffa, da kuma duk wani gida na 'yan'uwa a Ngaundere da Garwa da Banyo da Marwa, har zuwa Birikiteri ta Yawunde, inda ake da mai irin wannan lalura a kwance.

MECE CE LAKA?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta ya ga laka. Ita ce farar abar nan mai taushi da ke cikin ramin ƙashin baya. Ta mutum tsawonta ya kai kamar santimita 45, kaurinta kuwa kamar ɗan ƙaramin yatsa. Ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙasusuwan wuya guda 7, da na tsakiyar baya guda 12, ta ƙare a wajen farkon ƙasusuwan kwankwaso. Daga jikinta jijiyoyi 31 suke fita dama, 31 hagu, su watsu cikin jiki.

Aikinta aikin hanya ne. In mutum ya yi niyyar ɗaga ƙafa, ƙwaƙwalwa ke ba da umurni, laka ta kai saƙo. In ƙaya ta soke shi, ta nan labari ke hawa sama. Haka riƙe fitsari da bayan gida. Watau kamar hanyar Ngaundere zuwa Garwa ce: in gada ta karye a tsakani, Ngaundere tana nan, Garwa tana nan, amma mota ba ta wucewa. Shi ya sa wanda ya ji rauni a tsakiyar baya ƙafafunsa ke shanyewa, wanda ya ji a wuya kuwa har da hannuwa, wani ma har numfashi.

A nan ne ya kamata mu rarrabe tsakanin ƙashi da laka. Ƙashi yana ɗoruwa, maɗoranmu kuwa sun gaji wannan sana'a tun kaka da kakanni. Laka ba ta ɗoruwa. Zaren jijiyar da ya tsinke a cikinta ba ya sake tsirowa ya haɗe da kansa, tabo ne yake cika wurin. Tsoffin likitocin Masar ma, a wata takarda da aka rubuta wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa, sun lissafa karyewar wuya mai shanye gaɓoɓi cikin cututtukan da ba su da yadda za su yi da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 15 ne suke rayuwa da raunin laka a duniya, akasarinsu maza, kuma haɗarin hanya da faɗuwa su ne kan gaba wajen jawo shi.

ME YA SA BIRI?

Yawancin binciken laka da ɓeraye ake yinsa, don suna da araha, suna kuma haihuwa da sauri. Amma an sha samun maganin da ya yi aiki a jikin ɓera, da aka zo kan mutum sai ya ci tura. Dalili shi ne ginin ba ɗaya ba ne. Akwai wata babbar igiyar jijiya da ta sauko daga saman ƙwaƙwalwa zuwa laka. A jikin mutum da wasu birai, tana bi ta gefen laka, kuma wasu zarenta suna haɗuwa kai tsaye da jijiyoyin da ke motsa tsoka. A jikin ɓera kuwa ta baya take bi, ba ta kuma da wannan haɗuwa ta kai tsaye.

A shekarar 1968 wasu masana biyu, Donald Lawrence da Hans Kuypers, suka nuna amfanin wannan igiya. Suka yanke ta a jikin birai. Bayan ɗan lokaci biran suka koma gudu da hawa, amma in an sa musu ɗan abinci cikin ƙaramin rami, ba sa iya sa yatsa da babban yatsa su tsinto shi. Wannan kuwa shi ne abin da mai raunin wuya ya fi bukata: ya riƙe cokali, ya ɓalle maɓalli, ya ja carbi. Ɓera ba zai koya mana wannan ba. A nan kam, biri ya yi kama da mutum.

DAGA JALINUSU ZUWA SHAN INNA

Abin ba sabo ba ne. Jalinusu, likitan nan na zamanin Rumawa wanda aka fassara littattafansa zuwa Larabci, ya rayu a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. Ya riƙa yanke lakar dabbobi a wurare daban-daban yana duba sashen jikin da zai daina motsi, ya kuma feɗe birai da yawa don ya fahimci jikin ɗan Adam.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne shan inna. Da yawa ba su san cewa shan inna ciwon laka ba ne: ƙwayar cutar tana shiga ne ta kashe jijiyoyin laka masu motsa ƙafa. A 1908, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner da Erwin Popper suka ɗebi lakar wani yaro da ciwon ya kashe, suka sa wa birai biyu, ciwon ya kama su. Da haka aka gane cewa ƙwayar cuta ce. Allurar rigakafin Jonas Salk da aka fara yi wa jama'a a 1955, a cikin ƙwayoyin ƙodar biri aka raini ƙwayar cutar da aka haɗa ta. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ta daji. Ashe ke nan, duk yaron da aka ɗiga wa maganin rigakafin shan inna a baki a Tinyer ko Konca, akwai bashin biri a kansa.

BIRAI BIYU NA BEIJIN

Yanzu sai mu zo kan abin da Baffa ya ji a rediyo. A watan Nuwamba 2016 mujallar kimiyya mai suna Nature ta buga aikin wasu masana ƙarƙashin jagorancin Grégoire Courtine, Bafaranshe mai aiki a babbar makarantar fasaha ta Lozan a ƙasar Suwizalan. An yi gwajin ne a Beijin ta ƙasar Sin, da birai biyu irin na Asiya da ake kira resus.

Ga yadda aka yi. Aka dasa wa kowane biri wani ɗan ƙanƙanin faranti mai allurai 96 a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ƙafa. Farantin yana sauraren niyyar biri ta ɗaga ƙafa ko sauke ta, ya aika wa kwamfuta ba tare da waya ba. Kwamfuta ta fassara, ta aika wa wata na'ura da aka dasa a jikinsa, ita kuma ta ba lakar kwankwaso 'yar wutar lantarki a daidai wuri, a daidai lokaci. Sannan aka yi wa biran yanka a gefe ɗaya na laka, ƙafa ɗaya ta shanye. Da aka kunna na'ura, ɗaya daga cikinsu ya taka da ƙafar kwana 6 kacal bayan yankan. Ɗayan kuma sai da ya yi mako biyu.

To, a lura da abu biyu. Na farko, ba a ɗora lakar ba. Gadar tana nan a karye, kwale-kwale aka sa ya tsallakar da saƙo. In an kashe na'ura, biri ya koma jan ƙafa. Na biyu, yankan likita ne, ƙarami, a gefe ɗaya, ba irin dagargazawar da babur ko faɗowa daga mangwaro ke yi ba.

DAGA BIRI ZUWA MUTUM

Duk da haka aikin bai tsaya kan biri ba. Courtine ya haɗa kai da wata likitar fiɗar ƙwaƙwalwa mai suna Jocelyne Bloch ta asibitin jami'ar Lozan. A 2018 suka ba da labarin maza 3 da suka daɗe a kan keke, waɗanda suka iya takawa da sanda ko da abin dogarawa bayan an dasa musu na'urar lantarki a laka, suka kuma sha horo na watanni. A 2022 suka ƙara da wasu 3 da ba su da motsi ko ji a ƙafafu sam, ɗayansu ɗan Italiya ne da ya faɗi da babur a 2017. A watan Mayu 2023 kuma aka nuna wani mutumin Holan, mai shekara 40, wanda ya faɗi da keke a 2011. Shi an yi masa irin abin da aka yi wa biran nan: na'ura a kai, na'ura a baya. Yana tunanin tafiya, ƙafa tana ɗagawa, har yana hawa matakala da abin dogarawa.

Akwai wata hanyar kuma, ta neman gyara gadar kanta. A jami'ar Keio ta Tokiyo, Hideyuki Okano da Masaya Nakamura sun daɗe suna dasa ƙwayoyin halitta masu iya zama jijiya a lakar wasu ƙananan birai da ake kira mamoset. Daga Disamba 2021 suka gwada a kan mutum 4. A Maris 2025 suka ce 2 sun sami ci gaba, ɗaya har yana iya tsayawa, sauran 2 kuwa ba wani canji mai yawa. A Zurik kuma, Martin Schwab ya gano wani sinadari mai suna Nogo da ke hana jijiya tsiro. Maganin da ke toshe shi ya taimaka wa hannun birai a gwajin 2006, amma da aka gwada shi a kan mutane a Turai, sakamakon da aka buga a ƙarshen 2024 bai nuna ya fi rashinsa ba in an haɗa dukan majinyatan. Watau biri ya yi kama da mutum, amma biri ba mutum ba ne.

In mun tattara, mutanen da aka yi wa dashen nan 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma gwaji ne, masu bincike ke zaɓen wanda za su ɗauka. Ba kanti ba ne da mutum zai je da kuɗinsa ya saya.

HAKKIN DABBA

Ba za mu wuce ba sai mun faɗi ɓangaren da ba shi da daɗi. Biri yana jin zafi, yana jin tsoro, yana kuma kewar 'yan'uwansa. A 1981 'yan sanda suka shiga wani ɗakin bincike a garin Silver Spring na Amurka, suka kwashe birai 17, waɗanda aka yanke wa wasunsu jijiyoyin ji na hannu a bakin laka, ana kuma tsare da su cikin ƙazanta. Shari'ar ta tayar da ƙura, ta kuma taimaka wajen tsaurara doka. Abin mamaki, daga wannan binciken ne aka samo dabarar da ake amfani da ita yau ga masu shanyewar ɓarin jiki: a ɗaure hannu mai lafiya don a tilasta wa marar lafiyar aiki.

Tun 1959 wasu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'ida uku: in akwai hanyar da ba dabba, a bi ta; in babu, a rage yawan dabbobin; a kuma rage musu wahala iyakar iyawa. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta kusan haramta gwaji da manyan birai irin su cimfanzi da gorila gaba ɗaya, Amurka ma ta daina tallafa wa gwaji da cimfanzi a 2015. Mu da malamanmu suka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ba baƙi ba ne ga wannan magana. Ra'ayinmu shi ne, in har dole sai an taɓa dabba don ceton ɗan Adam, to a taɓa kaɗan, da maganin kashe zafi, da hujja mai ƙarfi.

Muna kuma jan kunnen samari. Kada wani ya ji wannan labari ya ɗauki tarko ya nufi Cabbal Mbabo ko gefen gandun dajin Faro, wai zai kama jan biri ko gwaggon biri ya sayar wa Turawa. Cibiyoyin da muka ambata da biran da aka haifa aka kuma raina a gidajen kiwo na musamman suke aiki. Mai kama birin daji ba abin da zai samu sai cizo, da cuta, da ma'aikatan gandun daji.

ABIN DA YA RAGE NAMU

Yanzu ga abin da ya fi duk na sama muhimmanci. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, kimanin kashi 80 cikin 100 na sojojin Amurka da suka ji rauni a laka sun mutu cikin makonnin farko. A 1944 wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, ya juya wannan lissafi. Ba da na'ura ya yi ba. Ya gane cewa abu biyu ne manyan masu kisa: gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Sai ya sa a riƙa juya majinyaci dare da rana, a kuma fitar masa da fitsari cikin tsabta. Wasannin da ya shirya wa majinyatansa a 1948 su ne suka zama gasar naƙasassu ta duniya, wadda aka fara a Rum a 1960.

Duk abin da Guttmann ya yi, ana iya yinsa a ɗakin soro a Tinyer. Ga shi dalla-dalla.

A wurin haɗari: in mutum ya faɗi da babur, ko daga bishiya, ko daga kan doki ko saman babbar mota, ko rami ya rufta da shi, yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ƙafarsa ta yi sanyi, kada a zaunar da shi, kada a kama hannu da ƙafa a ɗaga, kada a ɗura masa ruwa. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu, daidai da gangar jiki. Mutum uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume zuwa kan katako ko ƙyauren ƙofa. A tokare kansa dama da hagu da naɗaɗɗen zane, a ɗaure, a ɗauke shi a kwance. In yana da hular kwano, a bar ta, sai fa in ta hana shi numfashi.

Kada a fara da maɗori. Ja da murɗa da ke gyara hannu, a baya suna iya ƙarasa lakar da ta rage. A nufi asibiti, a kuma nemi takardar turawa gaba ba da ɓata lokaci ba, don bincike ya nuna fiɗar da aka yi cikin awa 24 don sassauta wa laka matsi ta fi ba da sakamako.

A gida: a juya majinyaci kowace awa biyu. A duba kwankwaso da duwawu da dugadugai kullum. Jan tabon da bai gushe ba farkon gyambo ne. Shimfiɗa ta zama busasshiya, mai laushi. A ba shi ruwa da yawa, a koyi sa robar fitsari da tsabta daga ma'aikacin lafiya, in zazzaɓi ya zo ko fitsari ya yi wari a garzaya asibiti. A riƙa lanƙwasa masa gaɓoɓi safe da yamma don kada su ƙage.

Akwai kuma shanyewar da ke zuwa a hankali ba faɗuwa, tare da ciwon baya, da rama, da gumin dare, wani lokaci da ɗan ƙusumbi. Sau da yawa tarin fuka ne ya ci ƙashin baya. Wannan kam yana da magani, in an je da wuri mutum yana tashi da ƙafarsa. Kada a zauna ana cewa sammu ne.

Ga 'yan acaɓa kuwa, dokar Firayim Minista ta Disamba 2008 ta wajabta hular kwano. Ba don jandarma za ka sa ta ba, don uwarka ne. A rage gudu, a rage lodi. Masu lalura kuma su sani dokar 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi kariya ga naƙasassu, akwai kuma cibiyar gyaran gaɓoɓi ta ƙasa mai sunan Kadinal Léger a unguwar Etug-Ebe ta Yawunde. A tuntuɓi ofishin jin daɗin jama'a don neman katin naƙasa.

Mun koma wajen Baffa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Muka ce, "Baffa, labarin biri gaskiya ne, amma maganin bai kai kasuwa ba tukuna, ko a Turai. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya kawo maka shi, macuci ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Malam, me zan yi da shanun?" Muka ce ya sayar da ɗaya, ya sayi katifa mai kyau da keken guragu, ya sa a fasa dokin ƙofa don keken ya riƙa fita. Sauran uku a bar su, nononsu zai yi wa yaron amfani. Ya yi hakan. Makon jiya mun tarar da saurayin a ƙofar gida, abokansa 'yan acaɓa sun kewaye shi, yana koya musu yadda ake ɗaukar wanda ya faɗi.

Masu bincike suna can suna nasu, watakila wata rana abin ya iso mu kamar yadda rigakafin shan inna ya iso. Namu shi ne mu tsare ran majinyaci da fatarsa da mutuncinsa har zuwa ranar. Muna roƙon limamai da sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan acaɓa su karanta wa jama'a sashen nan na ƙarshe a majalisa da tasha. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyaye mu a kan hanya, amin.